Haƙorina da Duwatsun Bahar Maliya

Ko da duk abin da na gani a Jidda zai goge daga kaina, ba zan taɓa mantawa da wata ranar Asabar ba, ranar da na fita neman aure na dawo da rabin haƙori a aljihu. Har yau in abin ya faɗo mini a rai, sai in ji harshena ya tafi wurin da kansa yana dubawa.

Bari in fara gaya muku ko ni wane ne, don ku auna girman kunyar da kyau. Ni mutumin Zariya ne, injiniya, kwangilar aiki ce ta kawo ni wani kamfanin tayil da marmara a Madinar Masana'antu, wato unguwar masana'antun Jidda. Aikina a can shi ne gwada ƙarfin dutse. A kawo mini shi, in sa a inji, in matsa har ya fashe, sannan in ce wannan ya yi, wancan bai yi ba. Da wannan nake ci, da shi nake sha.

Larabcina kuwa na Islamiyya ne, mai wasali cikakke. Da na sauka Jidda sai na tarar mutanen gari suna magana kamar ana korarsu, kafin in kama kan jimla sun kai wutsiyarta. Sai na samo wa kaina dabara. Duk abin da aka faɗa mini, na gane ko ban gane ba, sai in gyaɗa kai in ce "aiwa", wato e, in an ƙara in ce "tamam", wato daidai ne. (Da wannan dabarar na taɓa amincewa da aikin ranar Juma'a ban sani ba, amma wannan wani labarin ne.)

Samira na haɗu da ita a wani ƙaramin asibiti da na je gwajin lafiya don sabunta iƙama, wato takardar izinin zama. Ita ke karɓar mutane a bakin ƙofa. Ta ji ina waya da ƙanwata da Hausa, da na gama sai ta ce, "Sannu, ɗan ƙasarmu," da wata irin Hausa mai ƙamshin Larabci. Haifaffiyar Jidda ce, kakanta ne ya taso daga ƙasar Katsina zuwa aikin hajji bai koma ba. Gidansu yana unguwar Nuzla. Mahaifinsu ya rasu, don haka duk maganar gidan tana hannun babban yayanta, Haruna, wanda kowa ke kira Abu Yasir.

Shi Abu Yasir a kasuwar kifi ya taso, tun yana wanke kifi har ya zama shi ke kai wa manyan otal-otal da gidajen abinci na gari. Kuma yana da wani hali da ban taɓa gani a wurin Bahaushe ba. Wasu in Allah ya buɗa musu mota suke canzawa, shi kuwa jirgi yake hawa ya tafi wata ƙasa don kawai ya ci abinci a wurin wani gwanin girki, ya dawo.

Da magana ta yi nisa tsakanina da Samira, sai ta ce yayanta yana son ganina kafin manyana na gida su kira shi.

"A gida zan same shi?" na tambaye ta.

"La, la. Yaya ba ya karanta mutum a falo. A kan tebur yake karanta shi. Zai kai ka mat'am."

"Wane irin gidan abinci?"

"Irin nasa," ta ce, tana dariya. "Kai dai ka ci a hankali, ka saurara. Khalas."

Ni da na ji an ce babban gidan abinci, sai na ƙi karyawa da safe, don in bar wa alheri wuri. Na sa farar shaddata da ta sha guga, na kafa hula, na fesa turare har mai gadin gidanmu ya yi atishawa.

Bayan azahar Abu Yasir ya zo ya ɗauke ni. Mutum ne kakkaura, mai furfura kaɗan a gemu, ba ya gaggawar magana. Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Ahlan, ya muhandis. Yalla, bismillah." Muhandis shi ne injiniya a bakinsu. Muka kama hanyar bakin teku.

Wurin yana saman wani dogon gini, bangon duk gilashi, Bahar Maliya shimfiɗe a ƙasa tana ƙyalli kamar an watsa mata azurfa. Ƙamshin luban na tashi kaɗan-kaɗan, ba ya damun hanci. Teburan ba su da yawa, kuma kowa magana yake ƙasa-ƙasa kamar a masallaci kafin huɗuba. Ta cikin wani gilashi ana hango kicin, masu girki sanye da fararen kaya sun sunkuya a kan faranti, suna ɗora ganye da hantsaki kamar masu gyaran agogo. Babu ihu, babu ƙarar tukunya. Na daɗe ina kallonsu. Ni dai a sanina kicin wurin hayaƙi ne da zufa da faɗa, ban san ana iya yin girki da natsuwa irin wannan ba.

"Ba a zaɓen abinci a nan," Abu Yasir ya ce da muka zauna. "Abin da shef, shugabar masu girkin, ta ga dama shi za mu ci. 'Yar Jidda ce, ta yi shekaru tana koyo a Sifen da Faransa, ta dawo tana dafa abincin kakanninta da sabon hannu. Kifinta daga wurina yake zuwa."

Aka fara kawowa. Wani dogon ma'aikaci mai ladabi ne ke kula da teburinmu, kuma duk abin da ya ajiye sai ya tsaya ya yi bayaninsa da Larabci mai gudu. Ni kuma in ce, "Aiwa. Tamam."

Na farko mutabbaƙ ne, wannan da muke saye a bakin titi a naɗe cikin takarda, amma nasu bai fi babban yatsana ba. Na dube shi, na dubi faɗin farantin, na tuna karin kumallon da na ƙi ci, zuciyata ta karye. Amma da na sa a baki sai labari ya canza. Ɓawon ya fashe ƙus, ƙwai da albasa da nama suka bazu, can ƙarshe wani ɗan tsami ya biyo baya. Duk mutabbaƙ ɗin da na ci a rayuwata sai na ji ashe gaisuwa ce kawai.

Bayan shi aka kawo kyandir a kunne da burodin tamis mai zafi. Ina jiran a kawo abin da za a ci da burodin, sai na ga Abu Yasir ya gutsura ya dangwali abin da ke narkewa daga kyandir ɗin. Ashe man shanu ne aka daskarar da shi da habbatus sauda, wuta na narkar da shi kana ci. Sai kuma wata 'yar tukunyar fure da ƙasa a ciki da ɗan tsiro. Ƙasar ma ta ci ce, zaitun ne da busasshen lemun tsami aka niƙa, a ƙarƙashinta cuku mai laushi. Na cinye ƙasar nan tas, ina jin kunyar daɗin da take yi mini.

Tsakanin faranti da faranti Abu Yasir yana ba ni labarin yawonsa. Ya ce a Japan ya zauna gaban wani tsoho da ya yi rayuwarsa duka yana dunƙula shinkafa da ɗanyen kifi, kuma ba ya miƙa maka sai ɗumin shinkafar ya yi daidai da ɗumin tafin hannu. A Peru an jera masa dankali kala-kala, har da shuɗi, kowanne daga tsaunin da ya fito. A Sifen an ba shi zaitun a cokali, da ya taɓa harshensa ya zama ruwa. A Denmak kuwa ganyen daji aka tsinko da safe aka kawo masa. (A nan na ce a raina, ashe mu da muka tashi da tafasa da rama manyan mutane ne ba mu sani ba.)

"Mutane suna cewa ɓarna ce," ya ce. "Ni kuwa, ya muhandis, abin da nake zuwa gani shi ne mutumin da ya ɗauki aikinsa da gaske. Wanda zai tsaya a kan ƙwayar shinkafa kamar ransa ne a ciki. In na ga haka sai in dawo in ƙara gyara kifina."

Maganar ta shige ni. Na ji ina son mutumin nan, ina kuma son ya so ni.

Aka kawo kifin najil a ƙarƙashin murfin gilashi cike da hayaƙi. Da aka ɗaga, hayaƙin ya tashi da ƙamshin gawayi da lemo, kifin fari fat, yana rabuwa da kansa tun cokali bai gama taɓa shi ba, ga shinkafar sayyadiyya cokali guda a gefe. Abu Yasir ya ɗanɗana, ya lumshe ido.

"Wannan da asuba yana cikin ruwa," ya ce. "Bari in je in gai da shef. Daƙiƙa."

Ya tashi ya nufi kicin. Tafiyarsa ke da wuya sai ga dogon ma'aikacin nan da wani faffaɗan kwano. A ciki duwatsu ne ƙanana, masu santsi, ruwan toka, irin na bakin teku, da ɗan ganye a tsakani. Ya ajiye a tsakiyar tebur ya fara bayani. Na tsinci kalmar "bahar", na tsinci "hajar", wato dutse. Ya yi nuni da hannu cikin kwanon, ya ɗaga yatsu, ya ƙara wata magana yana kallon idona sosai, alamar wannan ce mai muhimmancin.

Na ce, "Aiwa. Tamam."

Ya ce, "Bil afiya," ya tafi.

To ku duba lissafina, don ba hauka na yi ba. Na ci kyandir. Na ci ƙasa. Mene ne dutse? Ga yunwa kuma, don duk abin da aka kawo daɗinsa ya fi yawansa. Na ce bari in ɗanɗana guda kafin ya dawo.

Na ɗauki wani da ke kan ganye na ciza. Jama'a! Wani siririn ɓawo ya fashe, sai ga sanyi, ga jatan lande, ga lemo, ga wani ɗanɗano kamar iskar teku da sassafe. Ban taɓa cin abu mai daɗinsa ba, kuma har yau ban sake ba. Na rufe ido na yi salati a zuci. Kafin hankalina ya dawo hannuna ya riga ya ɗauko na biyu, shi ma daga kan ganyen. Haka ya narke. Na dubi kwanon, ga su nan da yawa, na ce lallai shef ɗin nan ta san akwai mai yunwa a ɗakin.

Na zaɓi wani babba-babba daga gefe. Na ji ya fi sauran nauyi, ya fi su sanyi. Wallahi na ji. Kun san abin da na ce a raina? Na ce, kai, matar nan gwana ce, har nauyin dutse ta kwaikwaya. Ni da ake biya albashi don in bambance dutse da abin da ba dutse ba. Na kai shi baki da cikakken yaƙini, na sa haƙoran gaba, na datsa.

Ƙas!

Ƙarar a cikin ƙwaƙwalwata ta tashi, amma na tabbata ta fita waje, don wata mata a teburin kusa ta juyo. Wani zafi ya harba daga haƙorina har tsakiyar kaina. Idona ya kawo ruwa. Na taɓa da harshe, na ji rabin haƙorina na gaba yana yawo a baki tare da dutsen, dutse na gaske, wanda Allah ya halitta.

Mai hankali zai tofar a tsumman goge baki nan take. Ni ma niyyata ke nan. Sai dai ina ɗaga kai na hango Abu Yasir yana tahowa, shef na biye da shi, wata mata siririya da farar riga da ɗankwali baƙi, tana murmushi. Sai na rufe bakina gam, na tura dutsen cikin kumatu, na gyara zama.

"Shef, wannan shi ne muhandis da na gaya miki," ya ce da Larabci a hankali, yadda har ni na gane. Ta yi mini maraba, ta tambaye ni yaya na ji abincin.

Na ce, "Mmm," na ɗaga babban yatsa.

Abu Yasir ya zauna, ya leƙa kwanon, ya ɗan ɗaga gira. Ya ga ganyen babu komai a kai. Ashe guda biyu ne kacal ake ci a cikin kwanon, ɗaya nawa ɗaya nasa, sauran duk ado ne. Abin da bawan Allah nan ya tsaya yana nanata mini ke nan. Na cinye nawa, na cinye na yayan matar da nake nema, na kuma shiga cin kayan ado.

Ya jingina, ya haɗa yatsunsa, fuskarsa ta koma ta babban wa.

"Shef kamar 'yar'uwa ce a wurina, ba na ɓoye mata komai," ya ce da Hausa. "To, ya muhandis, an ce kana da magana a kan ƙanwata. Tafaddal. Ina sauraronka."

Kwana da kwanaki ina shirya wannan jawabin. Na tsara shi a mota, na maimaita shi a gaban madubi. Ga lokacin ya zo, ni kuma ga dutse a kumatu.

Na ce, "Mmm."

"Na'am?"

Na ga dai babu mafita. Na ɗauki tsumman na kai baki da niyyar in sauke kayan a ɓoye. Rabin haƙorin ya zauna lafiya. Dutsen kuwa, da yake ya jiƙe, sai ya suɓuce ta ƙasan tsumman, ya daki gefen tebur, ya faɗa kan marmarar ƙasa. Ƙwas, ƙwas, ƙwas, yana tsalle a cikin shirun nan, har ya je ya tsaya a jikin takalmin wani dattijo mai jan rawani. Dattijon ya dubi dutsen, ya dube ni. Duk ɗakin ya dube ni.

Shef ta dafe ƙirji. "Ya satir! Salamat, salamat!" Dogon ma'aikacin ya rugo da ruwa da ƙanƙara, fuskarsa kamar shi ya yi laifin. Ni kuma, ban san abin da ya hau kaina ba, sai na ga tunda bakin ya samu sarari gara in yi abin da ya kawo ni. Na dubi Abu Yasir na ce:

"Ranka ya daɗe, ina son Samira."

Sai dai ta kafar haƙorin nan iska ta samu hanya. "Son" ya fito da fito. "Samira" ya fito da fito mai tsawo, irin na mai kiran tantabaru.

Abu Yasir ya yi ƙoƙari, wannan zan ba shi shaida. Ya cije leɓe, ya kalli teku, kafaɗunsa suka fara rawa. Daga nan ya kifa kansa a kan tebur ya yi dariya har da hawaye, mutumin da aka ce mini ba a cika ganin haƙoransa ba. Da na so ƙasa ta tsage in shige, amma marmara ce, na san ƙarfinta.

Ita shef ba dariya take ba, hankalinta ya tashi ƙwarai, tana ta ba da haƙuri, tana cewa za ta cire wannan kwanon daga girkinta gaba ɗaya. Wannan ya fi haƙorin yi mini ciwo. Na tattaro duk Larabcin Islamiyyata, da wasalinsa da komai, na danne leɓe da ƙanƙara na ce mata kada ta cire. Na ce ma'aikacinta ya yi bayani, ni ne ban gane ba na ce na gane. Na ce guda biyun farko su ne abu mafi daɗi da na taɓa sawa a bakina, kuma wanda ya iya yin abincin da injiniyan dutse zai kasa bambance shi da dutse, ai ba haƙuri ya kamata ya bayar ba. Da fito na faɗi duk wannan, amma ta gane. Ta yi dariya a karon farko, ta sa aka kawo mini wani abin sanyi na dabino da gahawa, wanda ba ya bukatar haƙori.

Daga nan Abu Yasir ya ɗauke ni sai wurin wani likitan haƙori abokinsa a unguwar Mahjar. A mota lokaci-lokaci sai in ji ya yi ƙyaƙyat ya haɗiye dariyar. Ni kuwa na riga na gama yanke wa kaina hukunci. Na ce shi ke nan, na rasa haƙori na rasa mata a zama ɗaya.

"Mutanenmu suna zuwa ƙasar nan su koma da haƙorin Makka," ya ce can. "Kai ka zo ka bar naka a Jidda."

"Abu Yasir, don Allah ka yi haƙuri. Na kunyata ka a wurin mutanenka."

"Ka cinye mini rabona dai, wannan ba zan yafe ba." Ya rage gudu, ya dube ni. "Isma', ya muhandis. Na sha kai mutane irin wuraren nan. Wani in ya yi kuskure sai ya hau ma'aikaci da faɗa, ya ce a kira masa manaja. Kai jini na bakinka, ka wanke ma'aikacin, ka lallashi mai girki. Samira tana da baki, tana da rigima, girkinta kuma sai addu'a. Irinka take bukata."

Na buɗe baki zan yi godiya, ya ɗaga hannu.

"La, kada ka yi magana, fiton nan zai sa in buga motar mutane. Ka ce manyanka su kira ni. Kuma ka bar ce mini Abu Yasir. Yaya za ka ce."

Kafin likita ya gama da ni labari ya riga ya isa Nuzla. Samira ta kira, ban ji komai a wayar ba sai dariyar mata, har da ta mahaifiyarsu. An ɗaura aure bayan 'yan watanni, haƙorina sabo fes, ya ma fi 'yan'uwansa haske. Har yanzu in muka je gidan, yaran dangi in sun tsinci tsakuwa a waje sai su kawo mini a faranti su ce, "Tafaddal, ya ammi," wato "Bismillah, kawu."

Yaya bai fasa yawo da ni ba. Mun ci abinci tare a wurare masu kyau, a nan da wasu ƙasashen, kuma har gobe ina jinjina wa mutanen da ke mayar da girki abin kallo da tunani. Sai dai na koyi darasina. In aka ajiye mini abu, komai kyansa, komai yunwata, nakan naɗe hannu in jira wanda ya kawo ni ya fara kaiwa baki. In ya tauna, ya haɗiye, ya yi murmushi na ga haƙoransa sun cika, sannan in ce bismillah.